Muhawara: allurar Botox ga mai ciwon ɓarin kai da ya ƙi sakin sa

Sista Bilkisu:
Assalamu alaikum. Ina roƙon likitocinmu da masu haɗa magunguna su buɗe mana maganar allurar Botox don rigakafin ciwon ɓarin kai. Tambaya a kanta ta yawaita, amsoshin da ke yawo kuma sun saɓa wa juna. Wasu na cewa allurar gyaran fuska ce aka jingina mata ciwon kai don ta samu kasuwa, wasu na cewa sau ɗaya ake yi ciwo ya tafi ke nan. Wane majinyaci ta dace da shi, kuma yaya ake yin ta yadda ya kamata?

Dakta Aminu:
Wa alaikumus salam, Sista. Mu fara da wanda za a yi wa, don a nan aka fi ɓata aikin. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a watan Oktoba na 2010 ga manya masu ciwon ɓarin kai mai naci kawai. Mai naci kuma yana da ma'auni: ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata uku ana haka, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki ciwon na ɗauke da alamun ɓarin kai, wato ciwo mai bugawa, tashin zuciya ko amai, ƙin haske da ƙin hayaniya, da ƙaruwar ciwon idan mutum ya yi tafiya ko ya hau bene. Wanda nasa ke zuwa sau huɗu ko biyar a wata, komai zafinsa, ba ya ciki. An gwada ta a kan irinsu, ba ta fi allurar ruwan gishiri ba. Haka nan ciwon da ke matse kai gaba ɗaya kamar an ɗaura rawani tamau, shi ma ba ta nuna amfani a kansa ba.

Kwanakin nan kuwa ba da ka ake ƙirga su ba. Mutum yana tuna ranakun da ciwo ya kwantar da shi ne, ya manta da waɗanda ya yini da nauyin kai yana ta harkokinsa. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: a watan nan kwana nawa kika yi kanki garau daga safe har dare? In ta ce biyar, to kwana 25 take ciwo. A ba ta kalanda ta cika na wata guda kafin allurar farko: ranar ciwo, tsananinsa, da maganin da ta sha. In babu wannan takarda, bayan wata shida babu mai iya cewa allurar ta yi ko ba ta yi ba.

Dakta Maryam:
Ƙari a kan maganar Dakta Aminu, kafin a kira ciwo ɓarin kai mai naci a leƙa bayan ido. Matashiya mai jiki, mai ciwon kai kullum, tana jin shuu a kunne daidai da bugun zuciyarta, ganinta na ɗaukewa na ɗan lokaci in ta miƙe ko ta sunkuya, wannan ana zargin hauhawar ruwan ƙwaƙwalwa ne. In aka yi mata Botox aka sallame ta, jijiyar idonta na ci gaba da lalacewa. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da matuƙar ƙarfi, ko mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wanda ya fara bayan shekara 50, ko mai tare da raunin hannu ko ƙafa, ko na mai ciki da jininta ya hau, duk waɗannan bincike suke buƙata nan take.

Dakta Usman:
Ni fa ina da ja, kuma zan faɗe shi da lambobi. Gwajin da aka dogara da shi, PREEMPT na ɗaya da na biyu, mutum 1,384 ne idan aka haɗa. A mako na 24 waɗanda aka yi wa Botox kwanakin ciwonsu sun ragu da 8.4 a wata. Waɗanda aka yi wa ruwan gishiri zalla nasu sun ragu da 6.6. Ratar ba ta kai kwana biyu ba. Gwaji na ɗaya ma bai cimma babban abin da aka kafa shi don aunawa ba, sai da aka sauya ma'aunin a na biyu zuwa kwanakin ciwo. Sannan wanda goshinsa ya daina tattarewa ai ya san abin da aka sa masa, don haka ɓoye wa majinyaci rukunin da yake bai yiwu sosai ba. A kan ratar kwana biyu za mu sa magidanci ya riƙa sayen kwalba mai tsada duk wata uku?

Dakta Aminu:
Lambobinka daidai ne, Dakta, ba na musun ko ɗaya. Abin da nake so a duba shi ne matsakaici yana haɗa wanda bai ji komai ba da wanda ya samu sauƙi sosai. A cikin waɗanda aka yi wa maganin, kusan rabi kwanakin ciwonsu sun ragu da rabi ko fiye tun zagayen allura na farko. Daga sauran kuma, wajen kashi 11 cikin 100 na dukkan majinyatan sun kai wannan matakin a zagaye na biyu, wasu wajen kashi 10 a na uku. Sannan su waye mutanen? Masu ciwo kusan kwana 20 a wata, yawancinsu shekara da shekaru, kusan kashi biyu bisa uku suna shan maganin ciwo fiye da ƙima. Topiramate, maganin rigakafi na sha wanda muke bayarwa ba tare da gardama ba, ratarsa a irin waɗannan majinyata ba ta wuce haka da wani abin kirki ba, kuma mutane da yawa ke ajiye shi saboda illa. Ƙarfin Botox shi ne jiki na jure ta, kuma babu ƙwayar da za a manta ba a sha ba. Ba warkarwa take yi ba, ragewa take yi, kuma ba kowa ba.

Dakta Usman:
Na karɓi batun jurewar jiki. Amma maganar masu yawan shan magani ta ƙara ƙarfafa ni ne. An yi gwaji a Leiden ta ƙasar Holan, aka wallafa a 2019, mutum 179 masu ɓarin kai mai naci da yawan shan magani. Duka aka sa su daina maganin ciwon. Rabi aka yi musu cikakken adadin Botox, yunit 155, rabi kuma ɗan yunit 17.5 a goshi kawai don kada su gane rukuninsu. Babu wani bambanci mai ma'ana tsakaninsu. Ke nan ga wannan rukuni daina maganin shi ne aikin farko, kuma kyauta ne.

Famasis Zainab:
A nan ina bayan Dakta Usman, musamman a wajenmu inda ake sayen magani a kyamis ba takarda. Iyakar a bayyane take. Paracetamol, ibuprofen, diclofenac ko aspirin, kwana 15 a wata. Tramadol, codeine, masu ergotamine, sumatriptan, da magungunan da aka haɗa da kafin, kwana 10 a wata. Wanda ya haura haka sama da wata uku, maganin da kansa na riƙe ciwon. Kwana ake ƙirgawa, ba ƙwaya ba: ƙwaya ɗaya kullum ta fi ƙwaya huɗu a rana guda a mako illa ta wannan fuskar. Kuma in an tambaya a ambaci sunan kamfani da launin kwali, don da yawa ba sa ɗaukar ja-da-farin kwalin da ke cikin jakarsu a matsayin magani, sai su ce ba sa shan komai. Masu sauƙin ana iya yanke su lokaci guda, a gaya wa mutum mako biyun farko ciwon zai ƙaru kafin ya lafa. Tramadol da codeine a hankali ake janye su, ƙarƙashin kulawar likita.

Dakta Aminu:
To mun haɗu a tsakiya. Hukumar NICE ta Ingila ma da ta amince da ita a 2012 sharaɗi biyu ta gindaya: an gwada magungunan rigakafi aƙalla uku ba su yi ba, kuma an magance yawan shan maganin ciwo. Sai dai a kula da abin da ake kira an gwada. Amitriptyline miligiram 10 na kwana goma ba gwaji ba ne. Ana farawa da 10 ko 25 da dare, a ƙara a hankali, a ba shi wata biyu zuwa uku a kan adadin da ya isa. Propranolol yawanci sai ya kai 80 zuwa 160 a rana, kuma ba a ba mai asma. Topiramate daga 25 ake ɗagawa mako-mako zuwa 100 a rana, a ja kunne kan shan ruwa saboda tsakuwar ƙoda, balle a zafin bazara. Valproate kuwa a nisanta shi da duk macen da za ta iya ɗaukar ciki. Da yawan waɗanda ake cewa magani ya gaza musu, ba a ba su shi yadda ya kamata ba ne.

Sista Bilkisu:
Madalla. A ce majinyaciya ta cika sharuɗɗan nan duka. Yaya ake haɗa maganin, Famasis? Na ga kwalbar kamar babu komai a ciki.

Famasis Zainab:
Haka take, Sista, kuma gara a nuna wa majinyaciya tun kafin ta yi zaton an cuce ta. Maganin busasshe ne, ɗan siririn fari-fari a gindin kwalba, da kyar ake ganinsa. Kwalaben Botox na gaske yunit 50 ne, 100, ko 200. Don ciwon kai ana narka yunit 200 da mililita 4 na ruwan gishirin allura mai kashi 0.9 wanda babu sinadarin adanawa a ciki, ko yunit 100 da mililita 2. Ta haka kowane mililita 0.1 na ɗauke da yunit 5, wanda shi ne rabon wuri guda. Ba a amfani da ruwan allura zalla marar gishiri, yana da zafi a tsoka.

Da allura ta huda robar kwalba, ya kamata kwalbar ta zuƙe ruwan da kanta, domin an cire iskar cikinta a masana'anta. In ba ta zuƙa ba, murfin ya samu matsala, a ajiye ta gefe. A jujjuya kwalbar a hankali, kada a girgiza har ta yi kumfa. Ruwan ya fito garai-garai, ba launi ba gari-gari. A rubuta ranar da lokacin haɗawa a jikinta, a zuƙe cikin sirinji huɗu masu mililita ɗaya, a kore iska, a sa sabuwar allura mai lamba 30 mai tsawon rabin inci. Kada a yi wa mutum allura da wadda aka huda roba da ita, bakinta ya dakushe.

Ajiya ita ce babbar damuwata. Kafin a buɗe tana firij a ma'aunin sanyi digiri 2 zuwa 8. Bayan an narka, cikin awa 24 za a yi amfani da ita, tana firij. Firij ɗin da wuta ke ɗaukewa ya kwana da ɗumi ba wurin ajiyarta ba ne, sai mai batir ko sola da ma'aunin sanyi a ciki ana dubawa. Kwalbar da ta yi tafiya a jakar matafiyi ba ƙanƙara, ko da ta gaske ce, ƙarfinta na iya raguwa, kuma ido ba ya gane hakan.

Dakta Aminu:
Ga rabon wuraren. Yunit 155 ne a wuri 31, tsokoki bakwai. Tsokar da ke haɗe gira, wuri ɗaya kowane gefe, yunit 10. Tsokar da ke tsakanin girar biyu a saman karan hanci, wuri ɗaya, yunit 5. Goshi wuri huɗu, yunit 20. Gefen kai sama da kunne, huɗu kowane gefe, yunit 40. Ƙeya, uku kowane gefe, yunit 30. Saman dokin wuya, biyu kowane gefe, yunit 20. Tsokar da ta gangaro daga wuya zuwa kafaɗa, uku kowane gefe, yunit 30. Ana yin duka gefe biyu ko da ciwon ɓari guda yake kamawa.

A gwajin an bar wa likita damar ƙara har yunit 40 a inda ciwon ya fi zama: gefen kai, ƙeya, da kafaɗa, ya kai 195 a wuri 39. Tunda kwalbar 200 ce kuma ta mutum ɗaya ce, ragowar 45 zubarwa za a yi, don haka ƙarin ba ya ƙara kuɗin magani. Ana maimaitawa duk mako 12.

Malam Haruna:
Dakta, ina da tambaya daga ɓangarenmu na gashin ƙashi. In sassauta tsoka ne ke rage ciwon, me ya sa ba a zurfafa allurar cikin manyan tsokokin wuya inda ake jin ƙulli? Nan ne majinyata ke nunawa da yatsa.

Dakta Aminu:
Tambaya mai kyau, Malam, kuma a kanta ake yin kuskuren da ya fi yawa. Ba sassauta tsoka ke rage ciwon ba. Botox guba ce da aka tace ta zama magani. Gubar tana shiga bakin jijiya ta yanke wani furotin da ake kira SNAP-25, wanda jijiya ke buƙata kafin ta saki sinadaranta. A jijiyar motsi wannan na hana sakin acetylcholine, sinadarin da ke sa tsoka ta motsa, tsoka ta yi laushi. A jijiyoyin jin ciwo kuwa yana rage sakin CGRP, wani sinadarin isar da saƙon ciwo, da makamantansa, ya rage masu karɓar saƙon ciwo a bakin jijiyar. Wannan na biyun muke nema. Laushin tsoka illa ce da ke biyo baya. Wuraren 31 an zaɓe su ne don suna kan rassan jijiyoyin ji na fuska, ƙeya da wuya, shi ya sa allurar sama-sama ake yin ta, ba a kai wa ƙashi. In allura ta taɓa ƙashi an wuce, ga zafi, ga dakushewar baki.

Ciwon wuya shi ne illar da ta fi yawa, wajen kashi 9 cikin 100, masu ruwan gishiri kuma kashi 3. Mafi yawansa daga zurfafawa ne ko saukowa ƙasa. Wurin farko na dokin wuya santimita 3 ne, wato yatsa biyu, ƙasa da ƙashin nan da ya turo a tsakiyar ƙeya, santimita ɗaya daga tsakiya. Na biyun yatsa ɗaya a karkace sama wajen kunne. Duka suna cikin gashi. In ka ga kana huda fatar wuya marar gashi, ka sauka da yawa. Kan majinyaci ya tsaya daidai, kada ya sunkuya, don sunkuyawa na sa allura ta nutse. Wanda aka raunana wa tsokokin da ke riƙe kai, bayan mako ɗaya ko biyu zai dawo yana cewa kansa ya yi masa nauyi, ba ya iya daɗewa a kan karatu ko keken ɗinki.

Malam Haruna:
To wannan ya yi daidai da abin da ake gani. Shawarata a duba wuyan tun kafin allurar farko. Siririyar mace mai dogon wuya, ko wanda kansa ya riga ya zube gaba saboda zaman kwamfuta da waya, tsokokinsa ba su da rarar ƙarfi. A kafaɗa kuma a auna daga inda sarƙa ke kwanciya a wuya zuwa ƙashin ƙarshen kafaɗa, a raba biyu, nan ne wurin farko, sauran biyun a tsakiyar kowane rabi. A tsaya a saman tsokar, allura a kwance. In aka matsa can gefe sai a shiga tsokar hannu, ɗaga hannu ya yi wuya. Raunin in ya faru yana wucewa da kansa cikin makonni. Gashi da ɗumi da motsa wuya a hankali na taimakawa, amma abin ɗaure wuya a yini da shi yana ƙara raunin ne.

Dakta Maryam:
Bari in ɗauki fuska, don mu ake kawo wa in ido ya faɗi. Abu biyu ne daban da ake haɗawa. Faɗuwar fatar ido, wajen kashi 4 cikin 100, tana faruwa in maganin ya malala daga wurin gira ya shiga kogon ido ya taɓa tsokar da ke ɗaga fatar. Faɗuwar gira kuwa daga raunana goshi ne, domin tsokar goshi ita kaɗai ke ɗaga gira.

Don kauce wa na farko: a sa mutum ya haɗe rai, a kama tsokar girar tsakanin babban yatsa da manuni, a ɗago ta daga ƙashi, a soka cikin tsokar wajen yatsa ɗaya sama da bakin ƙashin ido ta gefen hanci, bakin allura ba ya kallon ido. Don kauce wa na biyu: allurar goshi huɗu duka a kashi ɗaya bisa uku na sama na goshin, can kusa da gashi, sama-sama ƙarƙashin fata. Na gefe ya zo daidai da gefen baƙin ido na waje. In aka matse su duka a tsakiya, gefen goshi zai ci gaba da ja shi kaɗai, wutsiyar gira ta ɗage sama, fuska ta sauya kama.

A kalli mutum kafin a taɓa shi. Dattijuwar da fatar idonta ta riga ta yi nauyi, tana ɗage gira ba ta sani ba don ta gani da kyau, za ka ga layuka masu zurfi a goshinta ko tana zaune shiru. Irinta ko an yi komai daidai girar na iya sauka, a gaya mata tun farko, a ƙara hawa sama da allurar. Hoto kafin a fara yana kashe gardama daga baya. In fatar ido ta faɗi, ɗigon apraclonidine mai kashi 0.5 na ɗaga ta milimita ɗaya zuwa biyu na 'yan awoyi, har ta dawo da kanta cikin makonni. Faɗuwar gira ba ta jin ɗigon, sai jira.

Sista Bilkisu:
Ta ɓangaren shiri, abin da zan ƙara: fiye da rabin wuraren cikin gashi suke. A gaya wa mata su zo da tsefaffen kai wankakke, ba a shafe shi da mai ba, ko kitso mai faɗin tsaga wanda bai matse ba. Ƙananan kitso da ƙarin gashi na rufe ƙeya, mai allura ya kasa lalubo ƙashin da yake aunawa daga kansa. Riga mai faɗin wuya, ɗaki a rufe, da mace a wurin, tunda za a cire hijabi a buɗe kafaɗa. Gefen kai yana da jijiyoyin jini, a sa ta cije haƙora tsokar ta fito, a ɗan ja sirinji kafin a tura, a danne da auduga bayan an zare. Aikin duka minti 15 zuwa 20 ne. Amma ga tambayar da ake yawan yi: sujada fa bayan allura? Goshin da aka huda ne zai taɓa ƙasa.

Dakta Maryam:
Abin da aka saba faɗa shi ne kada a murza ko a yi tausar wuraren na yini guda, wasu kuma na ƙara da kada a kwanta ko a daɗe a sunkuye na awa huɗu. Hujjar awa huɗun ba ta da ƙarfi, kariya ce kawai. Hanya mai sauƙi ita ce a sa lokacin allurar da hantsi, wajen ƙarfe tara, kafin azahar awoyin sun cika. Alwala da shafar kai a hankali babu matsala. Abin da za a bari a ranar shi ne kitso, wankin kai a shago, dilka a fuska, da ɗaurin ɗankwali mai matse goshi.

Famasis Zainab:
Gargaɗi biyu da bai kamata su wuce mu ba. Na farko, yunit ɗin Botox ba ɗaya yake da na Dysport ko Xeomin ko sauran masu shigowa daga Koriya da Sin ba. Kowane kamfani da ma'auninsa. Lissafin 155 na onabotulinumtoxinA ne kaɗai, wato Botox na Allergan, wanda AbbVie ta saya a 2020, kuma shi ne aka yi manyan gwaje-gwajen ciwon kai da shi. Na jabu ma suna nan: a 2024 hukumomin Amurka sun ba da sanarwar mutane a jihohi da dama da suka kwanta asibiti bayan allurar jabu ko wadda marasa lasisi suka yi, kuma ɗaya daga alamun jabun shi ne kwali mai rubutun yunit 150, wanda kamfanin ba ya yi. A duba lambar NAFDAC, lambar rukunin da ke kwali ta yi daidai da ta kwalba, a rubuta ta a fayil. Majinyaci yana da haƙƙin ya ga an buɗe kwalbar a gabansa.

Na biyu, tun 2009 akwai babban gargaɗi a takardar maganin kan yaɗuwar gubar nesa da inda aka sa ta: wahalar haɗiya, sauyin murya, ganin abu biyu-biyu, raunin jiki gaba ɗaya, wahalar numfashi, daga awoyi zuwa makonni bayan allura. A adadin ciwon kai abu ne mai wuyar faruwa, amma wanda ya ga haka asibiti zai nufa a daren, ba jiran wayewar gari. Mai myasthenia gravis ko wata cutar raunin jijiya da tsoka, hatsarinsa ya fi yawa. Gentamicin da danginta na ƙara wa gubar ƙarfi, kuma mun san yadda ake yin allurarta a kyamis, don haka a tambaya kafin, a kuma ja kunne bayan. Ba a sokawa a inda akwai ƙurji ko maruru. In ana yi wa mutum Botox don wata lalura daban, jimillar kada ta haura yunit 400 cikin wata uku.

Dakta Usman:
Mai ciki da mai shayarwa fa? Yawancin masu ciwon nan mata ne a shekarun haihuwa.

Dakta Aminu:
Ba a yi gwaji a kan masu ciki ba, don haka ƙa'ida ita ce a dakata in ana neman ciki ko an samu. Bayanan da kamfanin ya tattara na matan da ciki ya same su suna kan allurar ba su nuna ƙarin nakasa fiye da na sauran jama'a ba, don haka wadda ta gano tana da ciki bayan an yi mata kada hankalinta ya tashi. Valproate da topiramate su ne aka tabbatar suna cutar da ɗan tayi. Shayarwa kuma shawara ce tsakanin likita da uwa, gwargwadon tsananin ciwon.

Dakta Usman:
Saura dokar tsayawa, don abin da nake tsoro shi ne a ɗora mutum a kai shekara da shekaru ba mai dubawa.

Dakta Aminu:
Akwai ta. NICE ta ce in bayan zagaye biyu kwanakin ciwo ba su ragu da kashi 30 cikin 100 ba, a daina. Ƙungiyar masana ciwon kai ta Turai a 2018 ta ba da zagaye biyu zuwa uku, saboda masu amsawa a makare da na ambata. Mai kwana 24 ke nan ya sauko 16 ko ƙasa. A duba har da tsanani da yawan maganin da yake sha: wanda kwanakinsa ba su ragu sosai ba amma ranakun kwanciya sun koma uku daga goma, kuma sumatriptan ya dawo yana yi masa aiki, ya amfana. Kafin a yanke cewa ta gaza a tambayi abu uku: daga ina kwalbar ta fito, an yi wuri 31 ɗin cif ko goshi kawai aka yi irin na kwalliya, kuma ya koma shan maganin ciwo kullum?

Ta ɗaya gefen, wanda ya samu sauƙi ba a cire shi da gaggawa. NICE ta ce a tsaya in ya koma ƙasa da kwana 15 wata uku a jere, masanan Turai kuma suka ce sai ƙasa da kwana 10 na wata uku, a sake duba shi bayan wata huɗu zuwa biyar. Na fi karkata ga na biyun, domin mai kwana 13 da aka cire yakan koma inda ya fito. Wasu likitoci na tsawaita tazara zuwa mako 16 tukuna su ga abin da kalanda za ta nuna.

Sista Bilkisu:
Wanda ke cewa tana yi masa aiki amma daga mako na goma ciwon ke dawowa, a matso da allurar?

Dakta Aminu:
A'a, a bar ta a mako 12. Yawaita allura kusa-kusa na ƙara yiwuwar jiki ya ƙera garkuwar da za ta kashe aikin maganin gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne in yana kan 155 a kai shi 195 a zagaye na gaba, ƙarin a inda kalandarsa da yatsansa suka nuna, a tabbatar ranar dawowarsa ba ta zarce mako 12 ba ko da kwana kaɗan, a kuma tanadi kwalbar tun mako guda kafin ranar. Makonni biyun ƙarshe a tsara masa maganin ciwo da ƙidaya, kada ya haura kwana biyu a mako. In duk da haka gibin na da tsanani, ana iya toshe jijiyar ƙeya da allurar kashe zafi ta riƙe shi zuwa ranar, ko a haɗa masa da ɗaya daga magungunan rigakafi na sha da jikinsa ya jure a baya.